Saura Ɗaya Ta Cika

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa yarda da ƙidayar kowa ba, har da tawa, ni da nake koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare ta wajen Tsanyawa. Idan na ce mata kajinta goma sha biyu ne, sai ta ce to, sannan ta dogara sandarta ta fita ta ƙirga su da kanta. Maigida take kirana, saboda wasan jika da kaka, ni kuma ina ce mata amarya, ko da yake a lokacin haƙoranta na gaba sun daɗe da yin sallama da ita.

Abin ya faro ne daga sadakar wata maƙwabciyarmu da ta rasu. A ƙauyenmu, idan an yi rashi, akan taru a yi wa mamaci hailala dubu saba'in, a roƙi Allah Ya kai ladan kabarinsa. Ba da ka ake riƙe ƙidayar ba. 'Ya'yan tsamiya ɗari bakwai ake zubawa a faifai, duk wadda ta zagaye carbi mai ɗari sai ta ɗauki ƙwara ɗaya ta jefa a ƙwarya. Idan faifai ya ƙare, hailala ta cika.

Kaka ta dawo daga wannan zama tana huci. Ta ce da idonta ta ga wata tana jefa ƙwara biyu-biyu, wata tana gyangyaɗi carbi yana tafiya shi kaɗai, wata kuma tun ba a tashi ba ta fara yi wa mutane gorin ita ta ja kusan rabi, sai ka ce ita ce za ta buɗe wa marigayiya ƙofar Aljanna.

"Maigida, ni ba za a yi mini wannan aika-aikar ina kwance babu bakin magana ba," in ji ta. "Tawa da raina za a yi ta, ina zaune ina kallon hannun kowa. Kuma daidai za a raba. Babu wadda za ta fi wata ko da guda ɗaya, ko ni kaina."

Ta aika aka tambayi limamin unguwa, ya ce babu laifi mutum ya yi wa kansa guzuri. Sai ta zaɓi ƙawayenta takwas, tsofaffin da ta amince da hannunsu, ita ce ta tara. Ta kira ni ta ce in raba musu dubu saba'in, tunda an ce aikina ke nan.

Ni kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Babu abin da yake ɓata mini rai a garinmu kamar yadda mutane suke raina manyan lambobi. Da abu ya haura dubu sai ka ji an ce malala gashin tunkiya, an wuce wurin, kamar duk ɗaya suke. Alhali kowace lamba, komai girmanta, tana da halinta da danginta. Akwai cika, wadda take rabuwa biyu babu saura. Akwai mara, wadda kullum take barin ɗaya a tsaye kamar gwauro a gidan biki. Akwai kuma masu taurin kai waɗanda babu mai raba su sai kansu da ɗaya, irin su biyu da uku da biyar da bakwai, kuma da su ake gina duk sauran. Na sha gwada yin wannan bayani a majalisar ƙofar gidanmu, kafin in kai rabi an koma hirar taki.

Dubu saba'in kuwa tsohuwar sani ce a wurina. Idan ka warware ta, za ka tarar da biyu guda huɗu, biyar guda huɗu, da bakwai ƙwaya ɗaya, an ninka su da juna. Lamba ce mai haƙuri da jama'a, don lambobi hamsin cif suke raba ta babu saura. Amma babu uku a gidanta ko na magani. Saboda haka uku da shida da tara da sha biyu, duk ba ta shiri da su.

Na ce, "Amarya, tara ba za ta yiwu ba."

"Me tara ta yi maka?"

"Ni ba ta yi mini komai ba. Dubu saba'in ce ba ta rabuwa tara."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba. Ɗauko faifan."

Muka zauna a tabarma, ta sa na kasa 'ya'yan tsamiyar kashi tara. Kowane kashi ya sami saba'in da bakwai, ƙwara bakwai suka rage a faifai. Ta haɗe su ta sake kasawa da hannunta, bakwai suka sake ragewa. Ta tsaya tana harararsu. Can sai ta ce ai kowace ƙwara hailala ɗari ce, to a fasa bakwai ɗin su koma ɗari bakwai, a sake rabawa. Na ce madalla, a gwada. Aka kasa, kowa ta sami saba'in da bakwai, bakwai suka rage.

"La'ilaha illallahu! Wannan bakwai ɗin ya fi kaska naci!"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na gaya mata halin tara ke nan, ko sifili nawa aka jera a bayan bakwai, idan ta gama rabonta bakwai za ta bar maka. Kowace mace za ta ja dubu bakwai da ɗari bakwai da saba'in da bakwai, sannan hailala bakwai su rage ba su da uwa. Mafita biyu ce, ko a rage mutum ɗaya su zama takwas, ko a ƙaro ɗaya su zama goma, kowa ta ɗauki dubu bakwai cif ta huta.

Rage mutum bai yiwu ba. Wannan ita ta yanke cibiyar babana, waccan tare suka yi tashen 'yanmatanci, wadda kuma ta fi sauƙin cirewa ita ce wadda kafin la'asar za ta kai labarin kasuwa. Aka koma neman ta goma. Kaka ta bi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya tana soke su. Da na kawo sunan mahaifiyata sai ta ce surukarta mutuniyar kirki ce, amma ba za ta iya hailala ba tare da leƙa tukunya ba.

Ni da ita da kajin gidan duk mun san wace ce ta goma.

Kaka tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, mu jikoki muna ce mata Ƙaramar Kaka. Tana zaune a wata unguwa da ke bayan gonakinmu, kusa ƙwarai, don idan an sare kara har rufin kwanon ɗakinta ana hangowa daga bayan gidanmu. Shekaru da yawa kafin nan, a wani taron suna, an yabi daddawar Kaka, wadda da ita take taƙama a duk yankin. Sai Ƙaramar Kaka ta ce, a gaban mata, ai daddawa ta bi Innarsu kabari, abin da ake yi yanzu kwaikwayo ne. Tun daga ranar ba su sake zama a tabarma ɗaya ba. Ba su yarda a kira abin gaba ba, don sun san hukuncinta. Idan suka haɗu a gidan biki ko gidan makoki, ɗaya ta ce sannu, ɗaya ta ce yauwa, kowa ta juya keyarta, an fita haƙƙin Musulunci.

Mutane sun mayar da abin wasa, ni kuwa yana damuna matuƙa. A gidajen nan biyu na tashi, nan in sha fura, can in ci ɗanwake. Kuma ga su duk sun tsufa. Tsorona kada wata safiya a aiko ɗayarsu ta zo ta yi wa gawar 'yar'uwarta wannan busasshiyar sannun.

Na yi ta maza na ce, "Ga Ƙaramar Kaka nan. Da ita kun zama goma."

Kaka ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Maigida, ka taɓa ganin inda mace ta saki mijinta? To yau za ka gani." Ta ce tara ta ce, tara za a yi, bakwai ɗin kuma Allah Ya san yadda zai yi da su.

Aka yi zaman bayan girbin gero, a inuwar darbejiyar tsakar gida. Ni aka ɗora wa kasa 'ya'yan tsamiya, tsofaffin nan suna ta tsokanata, kowa tana cewa in saki Kaka in aure ta. Da aka fara kuwa wasa ya kau. Babu abin da kake ji sai motsin leɓɓa da ƙarar ƙwara tana faɗawa ƙwarya, Kaka tana jan nata carbin tana bin hannun kowa da ido. Wadda ta fara lumshe ido, sandar Kaka ta taɓa mata ƙafa. Aka tashi aka yi azahar, aka sha fura, aka koma. Bayan la'asar kowa ta sauke rabonta.

Kaka ta ware ƙwara bakwai a wani ɗan ƙoƙo, ta ce yanzu kowace ƙwara hailala ɗaya take nufi. Na ce ta ba ni in faɗe su, numfashi biyu ya ishe ni. Ta ce ba za ta damƙa lahirarta a hannun wanda sai an buga masa ƙofa yake tashi asuba ba, kuma ma wannan sha'anin mata ne. Wata daga cikin ƙawayen ta ce to ita mai abin ta ƙarasa mana. Kafin Kaka ta buɗe baki, mai kai labari kasuwa ta yi caraf ta ce, "A'a, ke kika ce babu wadda za ta fi wata, ko ke kanki. Mun ji da kunnenmu." Aka kwashe da dariya, aka watse. Magana zarar bunu, Kaka ta ɗaure kanta da bakinta.

Ƙoƙon ya zauna a kan tagar ɗakinta, ya hana ta sakat. Abin dariyar shi ne babu wanda ya kai Kaka yawan hailala. Za ta tashi tsaye, hailala. Akuya ta shiga rumbu, hailala. Duk lokacin da ta yi sai in ce, "Alhamdu lillahi, an rage ɗaya." Ta ce, "Rufe mini baki, wannan ba da niyyar na yi ta ba."

Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Bai yi tsanani ba, amma ya tsorata ta, na gani a idonta. Ranar da ta fara fitowa shan hantsi ta kira ni, ta juye ƙwarorin nan bakwai a wani ƙyalle ta ƙulle, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Kai wa waccan mai dogon bakin. Kada ka ce ni na aiko ka. Ka ce lissafi ne ya aiko ka."

Ban tsaya neman takalmin kirki ba. Na bi 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, ina tsallake kunyoyi da tarin karan dawa, murna kamar an ba ni kujerar Makka. Na tarar da Ƙaramar Kaka tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Na gaishe ta, na kwashe labari duka na gaya mata, har da yadda tara take barin bakwai, don ban iya ƙyale wannan ba. Ta kwance ƙyallen, ta daɗe tana duban abin da ke ciki.

"Ragowa?" in ji ta. "Yaya ta tara bare sun ci sun suɗe, ni kuma da muka sha nono ɗaya aka aiko mini da ƙanzo?"

Na fara ba ta haƙuri. Ashe ɓata bakina nake yi, don tana faɗan tana neman mayafinta. Ta ƙulle ƙwarorin a bakin mayafin, ta shige gaba. Wallahi a hanyar nan sai da na riƙa ɗan sassarfa kafin in cim mata.

Ta yi sallama. Kaka tana zaune a tabarma tana tsince wake, wanda na tabbata tun safe aka tsince shi.

"Sannu, Yaya."

"Yauwa."

Na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai Ƙaramar Kaka ta zauna a bakin tabarmar, ta kwance ƙullin, ta ɗauki ƙwara ɗaya, ta yi hailala da ƙarfi yadda har maƙwabta za su shaida, ta jefa a ƙoƙo. Sannan ta ƙulle sauran.

"Shidan fa?" in ji Kaka.

"Na gaji. Doguwar hanya na sha. Sai wani zuwan."

Kaka ta yi tsaki, ta ce dama tun tana goye a bayanta ba ta taɓa gama aiki a zama ɗaya ba. Amma sai ta ɗaga murya ta ce a kawo wa baƙuwa tuwo, kuma da kanta ta tashi ta ƙara daddawa a miyar kukar. Ƙaramar Kaka ta cinye tas, ta suɗe yatsunta, duk gidan ana jiran hukunci.

"Daddawar nan ta kusa," in ji ta.

"Ta kusa me?"

"Ta kusa ta Inna."

Kaka ta ɗaga sanda kamar za ta kwaɗa mata, sai dariya ta ƙwace mata. Suka yi ta yi har hawaye, ni ma na fita zaure na share nawa, don ba na so tsofaffin nan su samu abin tsokanata na shekara guda.

Daga nan duk ranar kasuwa, idan Ƙaramar Kaka ta sauko daga motar kasuwa, sai ta biyo ta gidanmu. Wani zuwan ta faɗi ɗaya, wani zuwan ta ce ta manta ta yafo wani mayafin. Suna zama su yi gulmar mutanen da suka mutu tun kafin a haifi babana, su yi faɗa a kan wa ya fasa tulun Innarsu. A hankali shida suka shiga ƙoƙo, saura ɗaya. Makonni suka wuce, ɗayar nan ba ta fito ba. Ran nan Kaka ta gaji ta ce a ba ta abarta.

Ƙaramar Kaka ta juyo gare ni. "Maigida," don ita ma haka take kirana, "yanzu nawa aka yi?"

Na ce dubu sittin da tara da ɗari tara da casa'in da tara.

"Cika ce ko mara?"

"Mara ce. In kin faɗi ta hannunki, ta zama cika."

"To ka ji. Yaya, na san halinki, ba kya zama wuri idan aiki ya ƙare. Da kin ji ta cika, ke ma sai ki cika ki bar ni. Ba zan faɗa ba."

"In kika riga ni fa, 'yar nema?"

"Sai ki biyo ni ki karɓa."

Haka lambar nan ta tsaya, damina bayan damina. Na ƙaunace ta fiye da dubu saba'in ɗin kanta. Mara ce, kuma uku, wadda aka hana shiga gidan dubu saba'in, tana raba ta babu saura. Na sha rubuta ta a allo in ce ɗalibai su gwada ta, suna mamakin abin da yake sa malaminsu murmushi shi kaɗai. Kaka kuwa duk baƙon da ya zo sai ta kai masa ƙara cewa ƙanwarta ta riƙe mata hailala, tana faɗa fuskarta cike da jin daɗi. Mayafin ya tsufa ya yage, aka mayar da ƙwarar bakin wani sabo. Har sallah biyu Ƙaramar Kaka ta yi a gidanmu, suna kwana ɗaki ɗaya suna gardamar wa ya fi wani minshari.

Ciwon da ya kwantar da Kaka na ƙarshe da damina ya zo, gero ya fara fitar da kai. Ƙaramar Kaka ta tare a ɗakin gaba ɗaya. Wata safiya da hantsi, an ɗauke ruwan sama ke nan, ina tsaye a bakin ƙofa, sai na ga ta jawo bakin mayafinta. Ƙullin ya ƙi kwantuwa saboda daɗewa, sai da ta sa haƙori. Ta ɗora ƙwarar a tafin hannun Kaka, ta naɗe mata yatsu a kai, ta sunkuya daidai kunnenta.

"Yaya, ga abarki. La'ilaha illallahu."

Leɓɓan Kaka suka motsa, ta maimaita, a hankali amma na ji ta sarai. Hali zanen dutse, ban san lokacin da na ƙirga ba. Da wannan Kaka ta fi ƙawayenta da ɗaya, ta karya dokarta da bakinta, kuma ban taɓa jin daɗin kuskuren lissafi kamar wannan ba.

Na koma tsakar gida na zauna a gindin darbejiya. Jim kaɗan Ƙaramar Kaka ta fito, tana gyara mayafinta.

"Maigida, je ka gaya wa babanka ta cika."

Na tsaya ina kallon bakin mayafin, inda ƙullin ya bar tabonsa a yamutse, na kasa tambayarta wacce take nufi, hailalar ko Kaka.